Lamba Talatin da Takwas

Shekara ashirin da uku ina gindin darbejiyar nan
mai kallon ƙofar filin wasa na Pantami,
basilla a dama, zare a baki,
gwangwanin gam a tsakanin ƙafafuna.
Ban taɓa buga ƙwallo ba, ƙafata ɗaya gajeriya ce,
amma miƙo mini takalmi in faɗa maka inda mai shi ke tsayawa.
Ɗan baya dunduniya yake ci,
ɗan gaba hanci yake cinyewa kamar gara.

Duka manya ne, arba'in da uku, arba'in da huɗu,
kwale-kwale masu warin daddawa.

Wata Laraba da sakaliyar la'asar
aka dire mini talatin da takwas.
Ban ɗago ba na ce, na ƙaninki ne?
Ta ce, nawa ne.
Na ce, ɗari biyu.
Ta yi dariya har da riƙe ciki:
Baba, ba kuɗi na tambaya ba,
cewa na yi nawa ne, ni ke saka shi.

Rifkatu, daga Kaltungo.
Kuɗin mota ma rance ne daga yayarta mai suyar awara.
Na juya na hagun, cikin gefensa ya suɗe tas,
na ce a raina, wannan ƙafa ba dukan ƙwallo take ba,
lallashinta take yi.

A wancan zamani in suna wasa
masu tallan ruwan leda sun fi 'yan kallo yawa.
'Yan acaɓa su leƙo ta katanga,
a koma gida, tuwo zai ƙone!
Ni ma na dara sau ɗaya, ba zan ɓoye ba,
da takalminta a cinyata na dara.
Sau bakwai na ɗinke shi a damina guda,
har zare ya fi fata yawa.

Ruwan da zai cika rijiya ba ya sallama.
Ban san ranar da abin ya juya ba.
Na dai ga layi ya kai bakin titi,
na ga farar bas da sunansu a jikinta,
na ji ana gardamar albashinsu a teburin mai shayi.
Ɗanlami mai gidan kallo ya goge allonsa,
ya rubuta wasan mata da alli, a sama,
kuɗin shiga bai rage ko sisi ba.
Wanda ya yi ihun tuwo kuwa
jiya na gan shi yana rantsuwa ba a yi satar gida ba,
jijiyar wuyansa kamar igiyar guga.

Rifkatu ta daina zuwa wurina.
Inda take yanzu ba a ɗinki, sabo ake ba ta a kwali.
Na ɗan ji abin a maƙogwaro, ɗan Adam ne ni.
Sai ga buhu a motar kasuwa, da sunana a jiki,
tsofaffin takalma ashirin da ɗaya, da 'yar takarda:
Baba, gyara, ka ba duk wadda ta zo babu.

Sai da na je wurin maƙeri
ya ƙera mini ƙaramar ƙafar ƙarfe,
tsohuwar ta yi wa aikin yanzu girma.

Ɗazu wata ta tsaya a kaina,
hijabi har gwiwa, safa ɗaya ja ɗaya shuɗiya,
mahaifinta na jira a kan keke, yana duba agogo.
Ta dire talatin da biyar.
Na tofar da zare, na juya shi a hannu.
Ban tambayi ƙaninta ba.
Na ce, 'yata, lamba nawa kike bugawa?