Lissafi a Ofishin Walwala

Malama Turai ta miƙo mini biro:
"Rubuta abin da yaron ke ci a wata."

Gero, kwano huɗu.
Sabulu. Kuɗin makaranta.
Takalmi, don nasa ya matse shi tun azumi.

Daren da na goya Sagir
daga Ƙofar Marusa har asibiti,
jikinsa kamar garwashi,
na duba takardar sama da ƙasa,
babu gurbin wannan.

"Ina uban yake?"
Nan kusa. Kullum yana wuce ƙofarmu a babur,
wuyansa ba ya juyawa.

Ta buga hatimi. "Dawo Laraba."

A waje na tarar da Sagir tsugune
yana zana babur da tsinke.
Mutum biyu ya ɗora a kai.