Bayan Kabad

Yau na kwashe kayana daga ofis.
Shekara talatin da biyar,
kwali biyu suka cinye su,
har da sauran wurin buta da darduma.

Namadi masinja ya riƙe mini ƙofa,
shi da muka tsufa tare a matakalar nan,
ni da baƙar riga, shi da fayil a hammata.
Ya ce, "Barista, hular fa?"
Na ce, "Bar ta a ƙusa,
gumin da ta sha ya ishe ta."

Da takalmin aro na zo ma'aikatar nan,
doka na garɗi a bakina kamar sabon goro.
Abokan karatuna suka buɗe ofis a titin gidan Zu,
suka yi mota, suka ajiye tumbi.
Ni na tsaya wa gwamnati,
wadda ba ta da fuska balle ta yi maka murmushi,
ba ta sannu sai ƙarshen wata,
shi ma wani sa'in sai ya kwana a hanya.

Na ce "Ya mai shari'a" har murya ta dushe.
Na sa an ɗaure wanda ya kashe maigadi a Sharaɗa,
daren nan na yi barci har da minshari.
Wani ɗan kwangila ya aiko da rago
ana gobe zaman kotu.
Na mayar masa da abinsa.
Kwana uku miyar gidana ba gishiri.

Duk ba su nake tunawa ba yau.

Ranar da masu fenti suka ja kabad ɗin ƙarfe,
sai ga fayil a baya, gara ta ci gefensa.
Sabi'u, mai faci a Kurna.
Zargin fashi, don an ga batirin mota a rumfarsa.
Layi biyu ake jira daga alƙalamina:
babu hujja, a sake shi.
Shekara huɗu yana Kurmawa
yana jiran layi biyu.

Na je da kaina.
Ya fito yana ƙifta ido
kamar wanda aka zaro daga rijiya,
ya durƙusa yana yi mini godiya.
Godiya!
Da zagina ya yi, da na sami abin riƙewa.
Ya ce tsohuwarsa ta rasu bara waccan, a bakin wani ya ji.
Na ba shi kuɗin mota.
Ya ƙirga, ya maido mini da abin da ya yi sama.

Tun daga nan, duk Alhamis kafin a tashi,
ni da Namadi sai mun ja kabad.
Yaran lauyoyi na dariya ƙasa-ƙasa,
wai Oga na farautar ɓera.

Ɗazu aka yi mini walima, lemo da cincin,
aka ba ni agogon bango, aka ce mai gaskiya.
Ummulkhairi, wadda za ta gaji kujerata,
ta ce in bar mata nasiha.
Na dubi littattafan doka, jere har rufi,
na ce, "Ƙafar kujerar ɗaya gajera ce, ki tokare ta.
Kuma ki riƙa leƙa bayan kabad."

Gobe zan fara zaryar fansho.
Ni ma yanzu fayil ne a teburin wani.
Allah ya sa kada in zame ta baya.