Shaida Na Uku

A Ulanbata, bayan kasuwar tayoyi,
hayaƙin gawayi ya kwanta kan rufin gareji.
Narmandakh ta shigo da tasinta tana ɗingishi,
jar fitila a gaban direba,
fankar baya na kururuwa kamar an yi mata rasuwa.

An ce mata batir ne, babban, na bayan kujera.
Tun a hanya ta ƙirga tumakin babanta a zuci,
nawa za su tafi, nawa za su ga bazara.

Gantulga bai ce uffan ba.
Ya soka na'ura ƙarƙashin sitiyari,
ya kira shaidu uku masu auna zafin batir.
Na farko ya ce goma sha biyu.
Na biyu ya ce sha uku.
Na uku ya rantse arba'in ne ƙasa da sifiri.

A wani gari da an yi dariya.
A nan kuwa, inda numfashi ke daskarewa a gashin baki,
ƙarya ta samu rigar gaskiya daidai wuyanta.
Sai dai su ukun gado ɗaya suke kwana,
yaya ɗaya zai ji hunturu shi kaɗai?

Ya sa safar roba har gwiwar hannu,
ya zare fulogi mai ruwan goro, ya jefa aljihu,
ya jira.
Shayi mai gishiri ya huce a kofi.
Wuta ba ta yafe wa mai gaggawa.

Ɗan abu ne, bai kai ƙwayar wake ba.
Ya damƙe shi a tafin hannu, ido kan mita:
in da rai, lamba za ta sauko da ɗumin jiki.
Ta sauko,
a hankali, kamar akuya daga kan dutse.

Ashe lafiyarsa ƙalau, muryarsa ce aka datse.
Ya bi waya taƙi bayan taƙi
har inda ƙanƙarar takalman fasinja ke narkewa ta zurara.
Can koren tsatsa ya cinye haƙori ɗaya na soket.

Ya canza haƙorin.
Daga fanka ya zaro gashin kare cike da hannu, babu wanda ya sa shi.
Na uku ya ce sha biyu da rabi.

Narmandakh ta fita cikin sanyi da wayarta.
Layin karkara ba shi da ƙarfi,
sai da ta faɗa sau uku:
Baba, bar su su ci ciyawa.