Abin da Sikeli Bai Sani Ba

Ran Alhamis nakan yi sammako zuwa kasuwar Dole,
in riga Lawali mai awon ƙarfe.
In ya rataye sikelinsa, magana ta ƙare:
tasa kilo ce, munduwa kilo ce,
zoben da ya ga jana'iza uku a yatsa ɗaya, shi ma kilo.
Daga nan sai wuta,
wuta kuwa ba ta san zane ba.

Shekara talatin ina karɓar haihuwa.
Hannuna ya saba da abin da ya zo duniya jiƙe, yana tsala kuka.
Da na tuɓe farar riga
sai na koma tare masu shirin fita,
waɗanda ba su da bakin cewa ba su shirya ba.

Ga kwandagen azurfa da na saya jika biyu.
Maƙerin ya kwantar da zangarniyar gero a bayansa,
tsaba bisa tsaba,
amma can wajen kai ya bar gurbi uku babu kome.
Mai talla ya ce aibi ne, ya rage mini kuɗi.
Na yi shiru na biya.
Wanda ya taɓa tsaron gona ya san aikin tsuntsu;
maƙerin nan gero ya kalla, gero na gaske,
bai kwaikwayi zanen wani ba.

Ga akushi baƙi, an ɗinke tsagarsa da waya.
Ga ƙwarya mai ƙadangare biyu suna bin juna har abada.
Ga tandun kwalli mai siffar ɗan goruba,
ga ƴan kunne kamar furen tumfafiya bai gama buɗewa ba.

Jikata Barira takan tsaya bakin ƙofa ta riƙe ƙugu:
"Kaka, ɗakinki warin jiya yake.
Ga na roba, ga na tangaran, masu sheƙi, masu arha."
In ce mata, ƴar nan,
dutsen Birni ma tsoho ne,
ban ga wanda ya ce a canja shi ba.

Sai wata Talata, bayan la'asar,
wata tsohuwa daga Garin Malam, Gwamma sunanta,
ta zo sayar mini da tsakiya guda bakwai ƙulle a bakin zane.
Muna cikin ciniki idonta ya hau bango ya tsaya
kan wata tasar tagulla mai reshen gawo a gewaye.
Ta daɗe.
Ta ce, "Shekarar da shanu suka faɗi, tiya huɗu aka ba ni."
Na miƙe zan sauko mata da ita, in ce ta tafi da abinta,
ta ɗaga hannu:
"Na ci kuɗinta, ƴaƴana sun rayu. Ba ni ruwa kawai a ciki."

Na ɗauraye, na cika daga randa.
Akwai wani ganye a gefen tasar da ya shafe sumul,
na sha zargin maƙerin da gaggawa a kansa.
Da ta karɓa, babban yatsanta ya tafi can da kansa
ya zauna daram, kamar kaza a kan ƙwai.
Ta sha, ta yi hamdala, ta miƙo mini.
Ko waiwaye ba ta yi ba.

Daren nan na kunna fitila na bi su ɗaya ɗaya,
ba zanen nake nema ba yanzu,
inda zanen ya ƙare nake nema:
nan wuya ya goga, nan tafi, nan haƙorin yaro.

Tasar ba ta koma bango ba.
Tana kan randa. Barira ma da ita take sha,
tana gunaguni wai nauyi,
yatsanta kuwa yana laluben wurinsa,
ita ba ta ma sani ba.