Dutse Mai Idanu

Ina shekara tara, a gaɓar Kogin Tanana,
watan Oktoba, rana ta soma rowar haskenta,
ina tonon ganye, ina tsintar ƙirare,
sai yatsana ya ci karo da wani abu mai tauri:
kwaɗo ne, ya dunƙule, ƙafafu ƙarƙashin ciki,
idanunsa biyu sun yi fari fat da ƙanƙara.

Na ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce ƙwas.
Na cusa shi cikin safar hannuna,
na sheƙa gida da niyya ɗaya,
in ɗora shi gefen murhu, in yi ta hura.

Kaka Effie na ɗinkin takalmin fata.
Ta leƙa tafina, ba ta ko taɓa shi ba.
"Renita, mayar da shi inda kika ɗauko,
kafin ɗumin hannunki ya yi masa ƙarya,
ya ɗauka an shiga bazara."

Na ce ai ya mutu. Ta ce, "Tukuna."
Ta taɓa yi wa masu binciken jami'a dakon akwatuna,
ta ga sun manna wa kwaɗi 'yar na'ura a gadon baya,
ta ji abin da suka ce, ta kuma ƙara da nata lura.

"Idan sanyi ya lashi fatarsa," in ji ta,
"hanta ce take fara jin labari.
Sai ta kwance duk sukarin da ta ɓoye,
ta tura shi cikin jini, lungu-lungu,
ya jiƙa tsoka, ya jiƙa ƙwaƙwalwa,
don kada sanyi ya tsotse su ƙaf.
Ruwan cikinsa ya daskare,
huhu ya ajiye aiki,
zuciya ta buga, ta ja lokaci, ta sake bugawa,
daga nan shiru.
Wata bakwai ba numfashi, ba ci, ba motsi, sai jira."

Mai haƙuri, an ce, shi kan dafa dutse.
Wannan dutsen ba ya son wutar kowa.
Na mayar da shi raminsa, na ja masa ganye,
na kafa tsinke don in gane wurin,
kafin dare dusa ta binne har tsinken, ba saura.

A hanyar dawowa na dubi tudun maƙabarta.
Bara, sai da maza suka kwana biyu suna ƙona itace
kafin ƙasa ta yi laushin karɓar kakana Neal.
Na ce, "Kaka, ai likita ya ce
sukari ne ya yi masa yawa a jini.
Ke nan shi ma zai tashi a watan Mayu?"
Allura ta tsaya a hannunta.
Ta yi wata dariya wadda ba ta kai ƙarshe ba,
ta ce in rufe ƙofa, iska na shigowa,
ta ɗauki zare, ta kasa zura.

Mayu ya zo da taɓo har gwiwa.
Wai zuciya ce kan riga farkawa,
ƙafafu su ne na ƙarshe.
Ban gani ba. Na dai ji,
wata yamma, a kududdufin bayan gidan Silas,
hayaniya kamar ta agwagi ɗari,
ga shi babu fiffike ko ɗaya a kan ruwan,
sai mazan kwaɗi masu baƙin rambaɗau a ido,
kowa ya kumbura, yana kira.

Bayan kwanaki ƙwai sun yi curi a jikin ciyawa,
sai talibambam, suna tsere da bushewar ruwa,
jikinsu na shanye bindinsu sannu-sannu.
Na sami tsinkena a kwance, ramin ba kowa.
Na hau tudu ni kaɗai, na kasa kunne a ƙasa,
na daɗe.
Daga gangare, kwaɗin suka sake fara.