Taku Huɗu da Rabi

Ni ne mai ɗauko ƙwallo a bayan raga,
shekara shida, a filin makarantarmu ta Tudun Wada,
inda turken hagu ya karkace
ba kuma wanda ya damu ya miƙe shi.
Daga can na san ƙafar Ƙasimu
kafin in san fuskarsa.

Ba ya gudu, wannan kowa ya sani.
Koci Bitrus, mutumin Wusasa, yakan ce:
"Kai da hawainiya, canjaras za ku tashi."
Amma bari a busa usur,
a ajiye ƙwallo, a jera katanga,
sai ka ga manyan 'yan aji shida suna matsa masa.

Yakan juya ƙwallon har bakin iskarta ya dube shi,
ya murje ƙasa da dunduniya,
ya ja da baya taku huɗu da rabi.
Na ce, "Huɗun na gane. Rabin fa?"
Ya ce, "Nan nake ajiye tsoro,
in na buga in dawo in ɗauki abina."

A Samaru, da ya shiga jami'a,
na bi shi da kekena, ban da takardar shiga.
Ranar wasan ƙarshe hadari ya taso daga Kufena,
saura minti guda, ba wanda ya ci.
Obinna, golan da ba a ratsa shi, ya tofa yawu a safar hannu.
Ƙwallon ta tashi kamar za ta Basawa,
sai ta tuna da saƙo, ta karyo,
ta shiga ta inda gizo-gizo ke saƙa.
A daren nan mai tsire bai karɓi kuɗinmu ba.

Sai kulob ya zo daga kudu da biro da takarda.
Ya tafi da jaka ɗaya da takalmin aro.
Mukan taru a shagon Lawandi tela
mu kasa kunne ga rediyo mai tari.
Minti tamanin yana kan benci,
sai an kai ga daga kai sai mai tsaron gida
a tuna akwai shi.
Albashi wata uku a biya ɗaya.

Talatin da ɗaya ya ci. Ni na ƙirga,
da alli, a bayan ƙofar ɗakina.
Ɗaya ta daki turke ta dawo,
ranar da kofi ke kan tebur an riga an goge shi.
Ka tambayi kowa a garin can wane ne Ƙasimu,
wannan ɗayar za su ba ka.
In ta shiga, mu muka ci.
In ta fita, shi ya zubar.

Gwiwa ta ƙarasa abin da turke ya fara.

Yanzu yana faci a Kwangila, ƙarƙashin gada,
yana ba tayoyin tirela iska,
yara kuma su kawo ƙwallonsu ya hura kyauta,
ya matsa ta da babban yatsa, ya saurara,
kamar mai zaɓen kankana.

Jiya bayan la'asar suka ce, "Baba, buga mana ɗaya."
Ya ce ƙafa ta tsufa. Suka nace.
Ya tuɓe silifas, ya juya ƙwallon,
ya ja da baya: ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ya tsaya. Bai ƙara rabin ba.

Ni kuwa, da furfurata da fayil ɗin ofis a hammata,
ban san sa'ad da ƙafafuna suka kai ni
bayan duwatsu biyun da suka kafa a matsayin raga ba,
na duƙa, ina jira.