Rariya

Ɗakin kwamfuta, ranar Talata, Tudun Jukun.
Sha biyu ne a jere, bakwai ke numfashi.
Na shigo da alli a aljihu, don sabo kawai,
Tasi'u ya riga ni baki, yana ɗaga waya:

"Malam, gadar Kwangila ta rufta da asuba!
Ga hoto, ga mota ta kife."
Aji ya ɗauki salati. Zuwaira ta miƙe,
babanta direba ne, can yake bi kullum.
Na ce: zauna, 'yata, mu fara da tambaya.

Wa ya ɗauka? Yaushe? Shi kuma daga wa ya ji?
A garin nan, a zaurukan cikin ganuwa,
ba a karɓar magana sai an ji salsalarta,
wane daga wane, har a kai ga mai ita.
Zuwa ta gilashi ba ya mai da ita gaskiya.

Muka jefa hoton cikin injin bincike,
muka ce ya nemo mana 'yan uwansa.
Layi ya yi nauyi, da'irar nan tana ta juyi
kamar akuya a turke.
Can sai ga shi: hoton dai, na wata ƙasa,
shekara shida ke nan yana yawo a duniya.

Lawandi ya kai hanci har jikin allo:
"Malam, lambar motar ma ba tamu ba ce.
Ina masu rake? Ina 'yan acaɓa?
Kwangila babu ko mai shayi ɗaya?"
Zuwaira ta sauke numfashi, aji ya kece da dariya.

Na hau bayani, ina jin daɗin bakina:
uwarku in ta je awo Sabon Gari
ba ta yarda da saman buhu, hannu take zurawa,
ta ɗebo na ƙasa, ta murza, ta sansana.
Ku duba sunan shafi, ku duba kwanan wata,
ku leƙa wani gidan ku ji me aka ce can.
Wanda ya zo da "yaɗa maza kafin a goge",
shi za ku fara zubawa a rariya.

Sai Hindatu, wadda ba ta cika magana ba,
ta ɗaga yatsa daga kwamfutar ƙarshe:
"Malam, saƙon da ka tura wa iyayenmu,
na likitan da ya ce jiƙon kanwa da lemun tsami
yana wanke ƙoda, na nemi sunansa.
Babu asibitin, babu likitan. Sai dai murya."

Fanka ta tsaya, ko ni ne na daina jin ta.
Yayana ya turo min, mutum mai furfura,
na karɓa don ina ganin girmansa,
na tura wa mutum tamanin kafin sallar isha.
Allin aljihuna na murƙushe, ya zama gari.
Mai koyar da wanka, ga dauɗa a wuya.

Na ce: Hindatu, fito gaba,
nuna mana inda kika bi, taki bayan taki.
Na zauna a bencinta, gwiwata na dukan tebur,
yara talatin da tara, ni na arba'in,
tana gaba muna bin hanya.

Da yamma a Ƙofar Doka, ina jiran mota,
na rubuta wa tamanin ɗin: ku yafe ni, ban tace ba.
Uku suka amsa. Guda ya ce ai ya riga ya sha.
Yayana har yanzu bai ce uffan ba.
Gobe, in sola ta sami rana, bakwai ɗin za su tashi,
zan zo da littafina ni ma, in zauna a baya.